Mai Katin Ruwan Ɗorawa Ba Ta Taɓa Ciki

Sun cuce ni, kuma da rubutu suka cuce ni. Wani shafi ne a intanet, mai tambarin babban asibiti da hotunan mutane cikin fararen riguna suna murmushi. Shi ya ɗauke ni daga ƙauyenmu na gefen Cadawa, ya kai ni wani birni a bakin teku can ƙasar Larabawa, ya tsayar da ni a kusurwar ɗaki hannuwana a baya kamar wadda ta zo neman gafara. Ba zan kama sunan asibitin ba. Na ji labarin irinsa da yawa, in na kama ɗaya sauran za su ce ba da su ake ba.

Sunana Barira. Ban riƙe alli ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Na yi karatun manya a rumfar lakol, wato makaranta, da la'asar, yaran gari suna leƙe ta zana suna dariya. Daga nan na yi ta zaman jarrabawa, in faɗi in tashi, har na shiga lakol ɗin lafiya a Maradi tare da 'yan matan da na haifi sa'anninsu. Na fito da diplom na sajfam, wato ungozomar likita, furfura ta riga ta cinye mini gaban kai. Na faɗi wannan ne don a gane wani abu. Wanda ya koyi karatu da girma yana ganin girman rubutu. A wurina abin da aka rubuta aka buga wa tambari daidai yake da rantsuwa.

Masu wani furoje na agaji suka kawo wa matarnite ɗinmu, ɗakin haihuwar garinmu, na'urar eko, wadda ake ɗora wa mace a ciki a ga abin da ke kwance a mahaifa. Suka haɗa mata wutar sola, suka ɗauki hoto da mu, suka shiga motarsu. Ba mu da wanda ya iya ta. Muka rufe ta da zane don ƙura. Ni kuwa na san abin da ke ƙarƙashin zanen nan. Damina biyu kafin zuwanta, Hinde matar mai gyaran babur ta zubar da jininta kaf a bisa amalanke, mabiyiya ce ta tare wa ɗan hanya, kuma hannu ba ya jin wannan ta waje komai iyawarsa. Da an gani tun ciki yana wata bakwai, da mun tura ta Maradi da ƙafarta kafin ruwa ya yanke hanya.

Majo Isufu, shugaban likitar garinmu, wato ɗan asibitinmu, ya kira ni buro, ofishinsa, ya ce babban likitan da ke bisa kanmu ya yi magana. In damina ta sake zagayowa ba a samu mai takardar iya eko a wurinmu ba, za a ɗauke na'urar a kai birni inda za ta yi amfani. Na ce ni zan iya. Ya ce a ina? Na ce zan nemo.

Ranar kasuwar Cadawa na nemo, don can ne rezo, wato sabis ɗin waya, yake kamawa sosai. Na zauna bayan mai sayar da manja da talho, wayar salula, a hannu, ina bin faransancin shafin da ɗan yatsa. An rubuta horon wata shida ga ma'aikatan haihuwa na ƙasashen Afirka, horo na aiki da hannu. Ga hoton wata baƙar mace da ɗankwali irin namu, ta riƙe sond, ɗan abin nan da ake gogawa a kan ciki, wani tsohon malami mai sanƙo ya ɗora hannunsa a bisa nata. Ga hoton gidan baƙi da furanni a ƙofa. Babu kwanan wata ko ɗaya a shafin, babu sunan wanda ya taɓa zuwa balle in neme shi in ji daga bakinsa. Na aika dosiye, takarduna na neman gurbi, amsa ta zo a layi uku cewa an karɓe ni. Na sake rubutawa ina tambayar abin da zan taho da shi da takardun da ake buƙata, shiru. Na buga lambar da ke ƙasan shafin, ta yi ta ƙara har ta gaji. Na ce manyan mutane ne, aiki ya yi musu yawa. Masu furoje suka biya jirgi.

Mai taksin da ya ɗauko ni daga filin jirgi ya gane baƙuwa ce tun daga yadda na rungume jakata. Masallaci guda mai koren rufi, sai da muka wuce shi na ga mun sake wuce shi. Na buga bayan kujerarsa na ce da faransanci, malam, wannan masallacin biyo mu yake yi? Ya yi dariya, bai ji kunya ba, kuma bai rage komai ba.

Gidan baƙi kuwa sarƙa na tarar a ƙofarsa. Furannin sun bushe a cikin tukwanensu. Wani mai gadi da ke shan shayi ya ce an rufe shi tun bara waccan, yanzu tsofaffin gadajen asibiti ake jibgewa a ciki. Na nuna masa hoton a talho. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce lallai nan ne, da yana da kyau. Kwanan farko a ɓangaren mata na masallacin asibiti na yi shi, jakata ce matashin kai.

A bakin famfon alwala Fatime ta tsince ni da safe. Likita ce 'yar Cadi, yarinya ƙarama mai baki kamar rediyo, ita ma horon nan ya kawo ta. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Mama, wa ya kawo ki bai jira ya ga inda za ki sauka ba?"

Na ce, "Rubutu."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ɗauki jakata. Ɗakinta yana can ƙarshen wani dogon bene, bangon yana tsattsafo da ruwa kamar randa. Ta ba ni katifa ɗaya, ta koya mini hawan bas, ta nuna mini inda ake sayar da burodi ba a ninka wa baƙi kuɗi. Allah ya saka mata. Sanyin garin ya shiga gwiwoyina bai fita ba har na baro shi. Maƙwabciyarmu in muka haɗu a matakala sai ta ja mayafinta ta manne da bango. Yaran unguwa suna da wata kalma da suke jefo mana, Fatime ta ƙi fassara mini. Na yi kewar fura har na riƙa jin ƙanshin gero a mafarki. Duk wannan bai dame ni ba. Ba hutu na zo yi ba.

Ranar da na fara aiki aka rataya mini kati a wuya, ruwan ɗorawa. Ɗaliban ƙasar nasu shuɗi ne. Na ɗauka don a bambanta baƙo da ɗan gida ne. Na tambayi tsohon malamin nan mai sanƙo, aka ce ya daɗe da barin aiki, yana ƙauyensu yana kiwon zuma. Wanda ke riƙe da ɗakin eko yanzu Dokta Munir ne, matashi mai ladabi, ba ya ɗaga murya, kullum agogo yake dubawa. Sai Madam Zuhra, wata dattijuwa mai kiba da ke buɗe ɗakin da safe, ta kunna na'ura, ta shirya mata a kan gado. Dokta Munir ya nuna mini kusurwa kusa da labule, ya ce in tsaya nan in kalla.

Na tsaya, raina fari tas, don ni na san yadda ake koyon sana'a. A hannun Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifina, na fara ungozomanci tun kafin in san akwai abin da ake kira diplom. Shekaru na yi ina dafa ruwa, ina wanke tsumma, ina haƙa ramin binne mabiyiya a bayan ɗaki. Ban taɓa cewa Gwaggo yaushe zan yanke cibiya ba. Wadda ta tambayi wannan ta nuna ba ta isa ba ke nan, an ƙara mata shekara. Wata rana dai, ana tsakiyar haihuwa, Gwaggo ta miƙo mini reza ba ta ko dubi fuskata ba. Haka ake yi a wurinmu, ko maƙeri ne ko magini ko mai ɗori. Ka yi hidima, ka kama bakinka, malam yana ganinka ta gefen ido.

Saboda haka na yi hidima. Na kai wa Dokta Munir tsarabar kilishi da cuku, ya ce madalla, ya ɗora bisa kabad. Nakan riga kowa zuwa, in jira Madam Zuhra a bakin ƙofa. In canza takardar shimfiɗa a kan gado, in cika kwalbar man nan mai sanyi da ake shafa wa ciki, in goge ƙasa in wata ta yi amai. Madam Zuhra takan ce, "Hajja, wannan ba aikinki ba ne." In ce mata aikina ne. Ta girgiza kai, ta ba ni rabin burodinta da man zaitun.

Da farko gilashin na'urar hayaƙi kawai nake gani a cikinsa. A hankali idona ya buɗe. Na fara gane kai, na gane ƙashin baya jere kamar tasbaha, na gane zuciya tana ɓal-ɓal. Amma na lura da wani abu da ya hana ni sakewa. Hoton daga wuyan hannu yake fitowa. Dokta Munir ya ɗan karkata sond kaɗan, yaro ya bayyana. Ɗalibi ya karɓa ya ɗora a wuri guda, sai hayaƙi. Ana iya shekara ana kallo, in hannu bai san nauyin abin ba, ba a iya komai ba. Ɗalibai masu shuɗin kati suka zo bayana, cikin makonsu na farko aka ba su sond suna ta dagwalgwalo a kan cikin mata. Na ce 'yan gida ne, baƙo ya fi daɗewa a layi.

Majo Isufu yakan kira ni ranar Juma'a bayan an sauko. "Tanti, yaya karatu? Hannu ya faɗa?"

In ce masa, "Ana kan hanya, Majo. Malamin nan mai tsanani ne, ba ya gaggawa."

Haka watanni suka shige, har ya rage saura kaɗan.

Akwai aiki guda da suka sakar mini ba tare da na roƙa ba, shi ne tafinta. Birnin cike yake da matanmu da suka ƙetara hamada, suna zaune a bakin titi da gindin gada suna miƙa hannu. In aka kawo ɗaya asibiti ba mai jin bakinta. Da aka gane ina jin Hausa sai aka riƙa aikowa daga kowane sashe, a kira mai katin ruwan ɗorawa. Na ɗauki wannan ma alama ce cewa malam ya fara yarda da ni.

Wata safiya aka shigo da wata mace ƙarama, ƙafafunta sun faffashe, cikinta ya kai wata takwas. Ta ƙanƙame zanenta ta ƙi hawa gado. Na ce, "Sannu, 'yar nan. Daga ina?"

Ta juyo da sauri kamar an watsa mata ruwa. "Inna! Ke Bahausa ta? Ni daga yammacin Gidan Sori ni ke. Rabi sunana."

"Ni daga wajen Cadawa. Hau gadon, Rabi, ba mai yi miki komai ina tsaye."

"Namiji na zai buɗe mani ciki?"

"Likita ne. Rufe idonki, ki ɗauka ni ce."

Ta hau. Ta ce kwana da kwanaki ɗan bai motsa ba, ta sha ruwan sanyi, ta kwanta ta wannan gefen ta kwanta ta wancan, shiru. Dokta Munir ya shafa mai, ya ɗora sond. Ɗakin ya yi tsit. Ya karkata nan, ya karkata can, ya daɗe a wuri guda. Abin da ke ɓal-ɓal a cikin kowace mace, a nata yana tsaye cik. Ya aje sond, ya ce da ni a hankali, "Madam, ki gaya mata ɗan ya rasu. Za a kai ta sama a sa mata maganin naƙuda."

Rabi tana kallon bakina. "Mi ya ce?"

Na gaya mata. Ban yi kwana-kwana ba, don ba a yi wa uwa kwana-kwana a kan wannan.

"Ƙarya shi kai," ta ce. "Wanga ƙarfen mi ya sani? Inna, ba ke ce ungozoma ba? Taɓa ki ji. In ke kinka ce, na yarda. Taɓa, don Allah."

Ta kamo hannuna ta ja shi zuwa cikinta. Ni ma ban yi tunani ba, na miƙa, abin da na yi wa mata ba adadi. Yatsuna ba su kai ga fatarta ba Dokta Munir ya sa nasa hannun a tsakani.

"A'a, Madam. Ki yi haƙuri. Katinki."

Na ce katina ya yi me?

"Ruwan ɗorawa na masu kallo ne. Mai kallo ba ya taɓa mara lafiya, ko da hannu ko da na'ura. In wani abu ya faru, asibiti ne zai amsa."

Wannan ce rana ta farko da na yi wa malami tambayar da Gwaggo ta hana. Na ce, "Har yaushe?"

Ya dube ni da mamaki na gaske, wallahi ba mugunta a fuskarsa. Ya ce, "Har ki gama. Ba a gaya miki ba?"

Rabi ba ta jin abin da muke faɗa. Ta ga dai na janye hannuna na mai da shi baya. Ta ce, "Ke ma ƙyamata ki kai?" Na ce wallahi a'a, hana ni aka yi. Ba ta yarda ba, na gani a idonta. Aka tura ta a kan gado mai taya, na bi su har sama ina fassara mata yi nishi, daina nishi, ja numfashi. Ta haifi ɗanta namiji ba rai, tana riƙe da ƙarfen gado, ina tsaye taku biyu daga gare ta. A garinmu ko maƙiyiyarki ce take wannan haihuwar sai ki riƙe mata kai.

Da aka gama na sauka buro ɗin masu kula da horo. Sakatariyar wata siririya ce mai tabarau, tana cin biskit a gaban na'urarta. Na buɗe shafin a talho na ajiye mata a kan tebur.

"Karanta mini nan. Wataƙila faransancina ne bai kai ba, da girma na koye shi."

Ta leƙa. "Horo na aiki da hannu. E, da haka ne. An canza doka, yanzu baƙo sai da lasisin ƙasar nan."

"Yaushe aka canza?"

"An daɗe."

"Shafin fa?"

Ta ɗaga kafaɗa. "Wanda ya gina shi ya bar aiki, da kalmar buɗewa ya tafi. Mun rubuta wa na sama, ba su amsa ba. Ai kowa ya sani, Madam."

"Ni ba kowa ba ce? To ba ni lasisin."

Ta ce ana fara neman sa ne tun daga gida, da takardun da ma'aikatar lafiyarmu za ta buga wa tambari, kuma yakan ɗauki lokacin da ya fi horon kansa tsawo. Da na tambaya tun farko da an gaya mini. Na ce na tambaya, na nuna mata wasiƙun da na aika. Ta duba adireshin, ta ce wannan akwatin ba mai buɗe shi yanzu. Na ce lambar talho fa? Ta ce ta tsohon buro ce, can ƙasa inda ake ajiye kujeru.

"Takardar da za ku ba ni in na gama, me za a rubuta a ciki?"

"Cewa kin halarta, kin kalla."

Na ce, "'Yata, saurara. A ƙauyenmu in rijiya ta rufta, ko ba mu da abin gyara ta, mukan sare ƙaya mu ɗora a bakinta don kada baƙo ya faɗa. Ba ma cewa ai kowa ya sani. Ku kun iya buɗe cikin mutum ku ɗinke, amma layi guda na gaskiya ya gagare ku rubutawa? Mace nawa kuka ɗauko daga garinsu da wannan hoton?"

Ta ce ba ita ke da alhakin shafin ba. Na ce wa ke da shi? Ta ce ba ta sani ba. Ta miƙo mini biskit. Na ɗauki talhona na fita.

Fatime na tarar a ɗaki tana soya ƙwai. Na ba ta labari tun daga Rabi har sakatariya. Ta kashe wutar, ta juyo.

"Mama, wai da gaske ba ki sani ba?"

"Ke kin sani?"

"Tun ina gida. Ɗan kawuna ya yi horon nan, shi ya gaya mini. Ni takardar kawai nake so in ɗora a dosiye, a asibitinmu akwai wanda zai koya mini hannu in na koma. Na ɗauka ke ma haka ne. Da na ga kina goge musu ƙasa na ce halinki ne, ba kya iya zama."

"Wata nawa muna cin abinci a kwano ɗaya, Fatime."

"Wallahi da kin tambaye ni..."

"Me zan tambaya? Ana tambayar abin da aka riga aka rubuta?"

Idonta ya kawo ruwa. Ban ga laifinta ba sosai. A nan na gane cewa masu ɗan kawu ba sa karanta shafin nan. An bar shi ne don irinmu, waɗanda ba su da kowa sai rubutu.

Ban jira Juma'a ba, na kira Majo Isufu kafin magariba. Ina jin kukan awaki a bayansa, da muryar mai tallar ƙosai. Ya riga ni magana. Ya ce hadari ya fara haɗuwa ta gabas, mutane sun fara gyaran gona. Babban likita ya zo shekaranjiya, ya ɗaga zanen ya duba na'urar, ya tambayi ranar dawowata.

Na ce, "Majo, takardar da zan kawo za ta ce na kalla. Ba za ta ce na iya ba."

Ya ce, "Kin kalla? Tanti, duk watannin nan?"

"Duk."

"To ai ɗauke ta za su yi. Mata biyar masu zuwa awo nake da su yanzu da cikinsu bai kwanta mini ba, har da ƙanwar Hinde."

"Ka ce wa babban likita kada ya duba takarda. Ya jira in dawo, ya kawo mai ciki, ya zauna, in yi a gabansa. In na kasa, ni da kaina zan ɗora masa ita a mota."

"Zan faɗa masa. Ban ce zai yarda ba." Ya ja numfashi. "Amma Tanti, da wane hannu za ki yi?"

Kuɗin talho ya ƙare a kan wannan tambayar.

Washegari bayan sallar asuba na cika babbar gora da ruwa na shanye, na ƙara rabi. Mace marar ciki sai mararta ta cika da fitsari kafin na'ura ta nuna mahaifa sosai, shi ya sa. Na hau bas ina matse ƙafafu kamar yarinya. Madam Zuhra ta buɗe ɗakin, ta kunna na'ura, ta fita ɗauko tawul. Da sauran lokaci kafin Dokta Munir ya iso.

Na cire katin na rataye shi a jikin ƙofa. Na hau gadon, na kwance zanena zuwa ƙugu, na matsa man nan mai sanyi a kan marata, marar da ta ɗauki 'ya'ya bakwai ta saki duk ta yi tamoji. Na juyo da gilashin ya fuskance ni. Na ɗauki sond. Ya fi yadda na zata nauyi, kuma santsi gare shi. Na ɗora. Hayaƙi.

Madam Zuhra ta shigo da tawul a hannu, ta tsaya cik.

"Hajja! Me kike yi? In aka gan ki korar ki za a yi."

Na ce, "Doka ta ce kada in taɓa marar lafiyarku. Wannan cikin daga Cadawa na zo da shi. Je ki kira wanda zai hana ni."

Ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta dubi hayaƙin da ke gilashi. Ta aje tawul ɗin, ta tura ƙofar da ƙafa, ta murza makulli.

"Kin riƙe shi a juye," ta ce. "Juya shi, tsinin nan ya kalli damarki. Sauka ƙasa. Ƙara sauka. Danna, Hajja, ba ƙwai ba ne."

Na danna.